Kafin Duhu Ya Yi Sallama



A makarantar zaure malamanmu sun ambata mana Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira. A littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga waje, sannan mutum ya gani. Sai dai inda hasken ke sauka, wato tantanin bayan ido, ba a samu hanyar leƙa shi sosai a jikin mai rai ba sai a 1851, lokacin da Bajamushe Helmholtz ya fito da madubin duba cikin ido.

A 1991 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka bayyana na'urar OCT. Tana aika haske marar cutarwa, ta auna yadda yake dawowa, ta zana tantanin nan hawa-hawa, alhali kaurinsa bai kai rabin milimita ba. A 1997 kuma, a jami'ar Rochester, aka ari dabarar masu duban taurari, har aka kai ga ganin ƙwayoyin gani ɗaya bayan ɗaya.

Me ya haɗa mu da wannan a nan N'Djamena? Ni ke rubuta wasiƙun neman taimako a ƙofar Maigida, na kuwa ga dattawa da yawa ana jan su da sanda, ana haɗa musu kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna. Masu yanar ido sukan dawo da ganinsu. Waɗanda ciwon sukari ko hawan jinin ido ya cinye musu jijiya kuwa, yawanci sukan dawo yadda suka tafi. Cututtukan nan biyu ba sa sallama. Shekaru suke yi suna ɓarna babu zafi, kuma jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Amma likita na iya hango alamunsu tun mai idon yana karatunsa lafiya, a tare su da magani.

Saboda haka nake roƙon iyayenmu da 'yan'uwa: duk mai ciwon sukari ya je a ɗiga masa magani a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara, ko da ba ya jin komai. Haka ma wanda ya haura arba'in, musamman in akwai makanta a danginsu. Kwalli ado ne, ba ya kaiwa can. Ido amana ne, neman magani kuma ba ya warware tawakkali.

Allah Ya bar mu da ganinmu, mu ci gaba da duba Mus'hafi har ƙarshen rayuwa. Amin.