Daɓen garaji da ruwan kwana bakwai



Duk wanda ya zaga garuruwanmu bayan an sayar da albasa zai ga tulin yashi a ƙofar gida da buhunan siminti jingine a zaure. Mun fara sayen motoci da babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, kuma ba mu son su kwana a waje. Sai a fasa katanga, a sa ƙyauren ƙarfe, a zuba daɓe, a ce an yi garaji. Madalla. Amma ku leƙa wuraren nan bayan damina biyu. Wani ya tsage tun daga ƙofa har bango, wani ya lotsa daidai inda taya ke tsayawa, wani kuwa in ana share shi ƙura yake tashi kamar ana sheƙar gero. Daga nan a sake kiran magini, wannan karon da guduma, a biya kuɗin fasawa, a biya na zubawa.

In an zauna hira, siminti muke ɗora wa laifi, wai na yanzu ba shi da ƙarfi. Mu dai wannan magana ba ta shige mu ba. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, ga ta nan kan babbar hanya in an wuce Konni za a Galmi. Na Sakkwato ma yana shigowa ta Illela in iyaka tana buɗe, kuma kowa ya tuna yadda aka sha wuya da aka rufe ta a 2023. Bayan ambaliyar 2024 gwamnati ta rage farashin siminti. Da wannan simintin ne ake yin gadoji da benaye, suna nan tsaye. To don me namu daɓen na santimita goma zai mutu da ƙuruciya?

Amsar farko tana ƙarƙashin daɓen. Kakanninmu mata sun san wannan kafin siminti ya zo. In za a yi daɓen ɗakin amarya, gayya ake kira: a zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta duka da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta daina amsawa, sannan a shafe da makuba. Duk aikin dukan ne. Yau kuwa sai a kwaso ƙasa da shara a cike rami da safe, kafin azahar an malala kankare a kai. Ƙasar da ba a daddale ba dole ta zauna, in ta zauna kuma sai ta bar kankare rataye bisa iska, mota ta hau, ya karye. Waɗanda gidajensu ke kusa da fadama abin ya fi yi masu muni, don laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani. A irin wannan wuri sai an kwashe lakar, an kawo jar ƙasa mai marmara, an zuba kaɗan-kaɗan ana jiƙawa ana dannewa.

Sai lissafi, wanda ba mu son ji. Garaji mai mita 4 a mita 6, kaurin santimita 10, yana cin kankare mita kubik 2.4. Gwargwadon da aka saba shi ne kilo 300 zuwa 350 na siminti a kowane kubik, wato buhu 15 zuwa 17 na kilo 50. Mu kuwa sai mu sayi goma, mu ce wa magini ya yi dabara. Dabarar me zai yi? Zai ƙara yashi, ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin bazuwa, ya barbaɗa gari a sama ya goge ya yi sheƙi. Shi ma fa yana da iyali. In ya ƙi aikin, wani zai karɓa kafin la'asar.

Nan ne muke tausaya wa ƴan uwanmu da ke ci-rani a Abijan, Legas ko Libiya. Mutum ya hana cikinsa ya aiko da kuɗi, a tura masa hoto ta WhatsApp, daɓe sumul kamar faranti. Hoto ba ya nuna kauri, ba ya nuna abin da ke ƙasa. In za ku nemi hoto, ku nemi na ranar da ake danne ƙasa, da na gefen katako da ma'auni a jiki kafin a zuba.

Amma abin da ya fi kashe mana daɓe shi ne ƙishirwa. Da yawanmu mun ɗauka bushewa kankare ke yi ya yi ƙarfi. A'a. Siminti ruwa yake sha a hankali yana ƙulluwa, kuma sai ya kwana 28 ake lissafa ya kai ƙarfinsa. Kwana bakwai na farko bai kamata a bar shi ya bushe ba ko kaɗan. Mu kuwa yaushe muke aikin? Cikin bazara, lokacin da kuɗin albasa ke hannu, rana tana narkar da mutum, rijiyoyi sun ja baya. Wa zai kalli yarinyar da ta wuni a bakin famfo ya ce ta juye jarka biyu a ƙasa don ɗakin mota? Ba mu ga laifin uwar gida ba in ta ɗaure fuska. Abin da ya kamata, a sa kuɗin amalanken ruwa cikin lissafi tun farko, kamar yadda aka sa na tsakuwa. A shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara a jiƙa su, ko a rufe da leda, ko a yi ɗan bakin yashi kewaye a tare ruwa. Haka jarka ɗaya take yin aikin uku. Wanda zai iya haƙuri ya ajiye aikin sai sanyi ya shigo. Kuma don Allah a bar mota waje, ko da mako biyu ne. Mun ga wanda ya shigar da ita washegari don baƙi su gani.

Wanda nasa ya riga ya lalace, ya duba kafin ya kashe kuɗi. In tsaga ce siririya, gefe da gefe suna daidai, cikewa ta isa. In wani gefe ya nutse, ko an buga an ji yana ƙara kamar ganga, shafe sama ɓarnar siminti ce, sai fasawa har ƙasa. In an zo sake zubawa a karkata shi kaɗan wajen ƙofa don ruwa ya fita, a ja layi mai zurfi kowace mita uku, don in zai tsage ya bi layin. Ɓaraguzan kuma kada a kai su bayan gari. A farfasa su ƙanana a cike kududdufin ƙofar gida, inda motar take kafewa duk watan Agusta.