Daren Wasan Ƙarshe A Funtua

 Yau ba darasi na zo muku da shi ba. Labarin wata 'yar tafiya ce da muka yi ni da ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda yake aji biyu a babbar sakandare. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, amma abin da na gani a cikinta har yanzu yana raina.

Ranar Laraba 7 ga Fabrairun 2024 Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka, bayan mai tsaron ragarmu Nwabali ya tare bugun fenareti biyu. A rediyo ƙanena ya ji wasan, yana kwance a ɗaki. A ƙauyenmu da ke yamma da Malumfashi an daɗe da rufe gidan kallon da muke da shi, domin da an sallame sallar isha'i kowa ke jan ƙofarsa, kuma ba mai son ƙarar janareto ta hana shi jin motsin da ke bayan gari. Tun daga wannan daren yaron ya hana ni sakat: "Yaya, don Allah wasan ƙarshe dai ka kai ni in gani da idona."

Akwai gidajen kallo birjik a cikin Malumfashi, amma ba mu da wurin kwana a can. A Funtua kuwa kawunmu na nan. Da ƙyar Inna ta yarda, ta kuma gindaya sharuɗɗa uku: mu bar gida kafin la'asar, kada mu kuskura mu hau hanya da dare, kuma ranar Litinin yaron ya kasance a makaranta.

Ranar Lahadi 11 ga wata muka hau acaɓa zuwa Malumfashi, garin Galadiman Katsina, daga nan muka shiga motar Funtua. Wanda ya san hanyar nan da damina, lokacin da masara da dawa ke rufe ido hagu da dama, zai yi mamakinta a watan Fabrairu. Gonaki sun zama fili fetal, sai tarin kara da busassun itatuwan auduga, sai shanu na kalar abin da ya rage. Hazo ya sa rana ta yi fari kamar faranti. Muna wuce Bakori muka fara cin karo da motocin kwandunan tumatir na masu noman rani. A cikin motarmu kuwa tun daga tasha ake gardama. Direba ya rantse Osimhen sai ya ci biyu. Wani dattijo mai buhun waken suya ya ce shi dai tsoron masu masauki yake ji, don wanda aka yi wa ci huɗu a gidansa ya kuma farfaɗo, ba a yi masa gaggawa. Gaskiyarsa kuwa, Kwaddibuwa ta sha kashi 4 da nema a hannun Ikwatoriyal Gini a wasannin rukuni, har ta sallami kocinta ana tsakiyar gasa, ga ta kuma a wasan ƙarshe.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Funtua mahaɗa ce. Hanyar Zariya, da ta Gusau zuwa Sakkwato, da ta Katsina wadda muka biyo, da ta Birnin Gwari ta Dandume, duk a nan suke gamuwa. Auduga ce ta raya garin. A ƙarshen shekarun 1920 Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda, kamfaninsu na BCGA kuma ya kafa injin gurzar auduga, har sunan ya bi unguwar. Garin da direbobi da 'yan kasuwar hatsi da 'yan dako ke kwana a cikinsa ba ya saurin barci. Shi ya sa ko ba ranar wasa ba za ka tarar da teburin mai shayi a buɗe bayan sha biyun dare.

Amma ranar wasa daban ce. Tun bayan magariba gari ya ɗauki wani irin zumuɗi. Yara sanye da koriyar riga suna ta kai da kawo, wasu rigar ta kai musu gwiwa. 'Yan acaɓa sun ɗaura tuta a madubi. A ƙofar kowane gidan kallo an jingina allo, an rubuta wasan da alli, an ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Masu tsire sun ƙara wuta, mai rake ya tura baronsa bakin ƙofa, 'yan mata masu awara sun jera kaskonsu, mai shayi ya tara kiret ɗin ƙwai har uku. Na tsaya na ƙirga: gidan kallo ɗaya, mai rufin kwano da bencina, ya tara masu sana'a tara a ƙofarsa. Duk wanda ya shiga ya fito, sai ya bar wani abu a hannun ɗayansu.

Mai gidan kallon abokin ɗan kawunmu ne, ya kuma yi mini lissafinsa a tsaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 a wancan lokacin, farkon 2024. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka dole janareto ya kwana a kunne, ga kuɗin tauraron ɗan Adam duk wata. A daren wasan da ba shi da farin jini, da ƙyar yake mayar da kuɗin mai. Irin wannan daren ne ke biya masa bashin sauran. Kun ga ashe ihun da muke yi a kan benci, abincin gidan wani ne.

Kafin mu fita sai da Kawu ya zaunar da mu muka ci tuwo. Ya dube mu ya yi dariya, ya ce wai mu har mun san dare? A zamaninsu, in kaka ta yi an sayar da auduga, kuɗi ya shiga aljihun manomi, sai garuruwa su ɗauki kiɗa. Samari da 'yan mata su shirya kalankuwa. 'Yan dambe su sauka gari, a kafa fili, a zuba kalangu, ana kiran Kudu da Arewa, mahauta na gaba-gaba don wasan gadonsu ne. Ya ce a bakin Ɗan Anace suka san Shago tun ba su taɓa ganinsa ba. Uwa uba Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya yi zamansa a nan Funtua shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999. In aka ce Shata zai yi wasa, mutane daga ƙauyukan Maska da Bakori da Danja kan taho a keke ko a ƙasa, a kwana ana kiɗa, in an tashi kowa ya kama hanyar gida cikin farin wata.

"Cikin dare, Kawu?" in ji ƙanena.

"Cikin dare mana. Abin da muke tsoro kura ce, ita ma labarinta muka fi ji."

Yaron bai ce komai ba, amma na ga ya daina cin tuwon.

Ƙarfe tara na dare aka take wasa a Abijan. Mu kuwa tun takwas da rabi babu masaka tsinke. Waɗanda suka rasa benci suka tsaya a baya, ƙananan yara suka zauna a ƙasa gaban talabijin, wasu suka liƙa ido a hujin langa-langa daga waje. Duk da sanyin hunturu, zufa muke yi. Abin da ya burge ni shi ne yadda gardamar kullum ta mutu. A wannan ɗakin ne 'yan Madrid da 'yan Barcelona ke kusan ba hamata iska duk mako, 'yan Arsenal da 'yan Chelsea ba sa ga maciji. Daren nan kuwa baki ya zo ɗaya. A gefena wani Bayerabe ne mai gyaran mota, a gabana wani Inyamuri mai shagon magani, duk Hausa muke yi, duk addu'a ɗaya muke yi.

Masu masauki suka matsa mana lamba tun farko. Amma a minti na 38 aka yi mana bugun kusurwa, kyaftin Troost-Ekong ya tashi sama ya sa kai, sai raga. Ban san lokacin da na tsinci kaina rungume da mutumin da ban taɓa gani ba. Benci ya kife, shayin wani ya zube, ba wanda ya kula. Ihun da ya tashi daga sauran gidajen kallo ya haɗu da namu, har ka ce garin ne gaba ɗaya ya buɗe baki. Da aka tafi hutun rabin lokaci mai tsire ya sayar da na ƙarshe.

Bayan an dawo sai labari ya sha bamban. A minti na 62 Kessie ya farke da ka. A minti na 81 Haller, wanda bai daɗe da warkewa daga cutar daji ba, ya sa tsinin takalmi ya karkatar da ƙwallo cikin ragarmu. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareto. Da alƙalin wasa ya hura tashi, 2 da 1, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kofi na huɗu da muka sa rai, bayan na 1980 da 1994 da 2013, ya wuce mu.

Akwai abin da na gani a bakin ƙofa wanda dole in faɗa muku. Wani yaro da bai wuce sa'arku ba ya durƙusa yana yayyaga wata 'yar takarda, idonsa ya kaɗa. Ba Najeriya yake yi wa kuka ba. Kuɗin da aka ba shi na wata hidima ya zuba a cacar ƙwallo. Can a lungu kuma wasu samari uku na miƙa wa juna wani abu a ɓoye. Hausawa na cewa dare rigar mugu, kuma ba a kan mai bindiga kaɗai maganar ta tsaya ba. Mai tallar caca da mai tallar ƙwaya su ma taron matasa suke jira. In ka je kallo, ka biya kuɗin benci, ka sha shayinka, ka koma gida da hankalinka da sauran canjinka. Na kuma lura cewa ban da masu awara, babu mace ko ɗaya a wurin. 'Ya'yan Kawu mata a waya suka bi wasan, kuma da muka koma sun fi mu sanin wanda ya yi sakaci a baya.

Wajen sha ɗaya da 'yan mintoci muka kama hanyar gida a ƙasa. Muka wuce masu shayi, muka wuce 'yan sintiri da tocilansu, suka haska mu suka ce mu sauka lafiya. Ina ta neman kalmar da zan lallashi ƙanena da ita, sai na ga murmushi yake yi.

"Kai da aka cinye ku, me ya ba ka dariya?"

"Yaya, rabon da in yi tafiya a waje war haka tun ina firamare."

Nan jikina ya yi sanyi. Na yi lissafi: yana ɗan shekara goma sha uku aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka kuma taƙaita hawan babur da dare. Ita ma Funtuwar ba a ce ta tsira ba, unguwannin bakin gari sun san abin da suka gani. Amma a tsakiyarta har yanzu yaro na iya takawa daga gidan kallo zuwa gida. Abin da Kawu ya samu kyauta a ƙauye, ƙanena sai da ya biya kuɗin mota ya zo birni kafin ya ɗanɗana shi na dare ɗaya.

Tun daga ranar na canza yadda nake kallon hayaniyar dare. In ka ga gari ana kiɗan biki bayan isha'i, ana dambe da kaka, gidan kallo a cike, mai shayi na fifita wuta, to shaida ce mutanen garin suna barci da ido biyu a rufe. Ranar da gidan kallon ƙauyenmu ya sake buɗewa, ranar ce manomi zai koma gonarsa ta nesa, malamin makaranta ya yarda ya kwana a garin.

Da gari ya waye muka shiga motar farko. Duk da haka sai da ƙanena ya makara, ya rasa darasin farko, aka ba shi tsintsiya ya share gaban aji. Laifina ne, na kuma amsa shi a gaban Inna. Da yamma na zaunar da shi ya kwafe abin da ya wuce shi kafin in bar shi ya fita. Yana gamawa yaran unguwa suka kewaye shi a ƙofar gida, yana nuna musu yadda Ekong ya tashi sama. Bai kai ga ƙwallon Haller ba aka kira magariba, iyaye suka fara kiran 'ya'yansu.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da ƙauyukanmu. Sai mun haɗu a mako na gaba.