Ruwa Ake Fara Tambaya

A cikin 1972 wani akawu a Maiduguri ya aje aiki, ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya tasam ma Baga a bakin Tafkin Cadi, don ya sayi jirgin ruwa ya shiga fataucin banda. Bai taɓa riƙe filafili ba, guminsa na shekara ashirin kuwa duk yana cikin aljihunsa.

Da isarsa sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaton jirgin katako mai inji. Har an fara ciniki, sai wani tsohon masunci ya jawo shi gefe, ya ce, "Malam, ruwa ake fara tambaya, sa'an nan jirgi. Tafkin nan faɗi gare shi, ba zurfi. Nemi ƙarami mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda in ya kafe kai kaɗai za ka iya tura shi."

Maganar ta yi masa ɗaci, don ya riga ya cika baki a gida. Amma ya daure, ya sayi ɗan kwalekwale, ya yi wata uku yana koyon tuƙi da gora, yara na yi masa dariya.

A 1973 fari ya sauka. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya yi ta janyewa, manyan jirage suka zauna cikin taɓo. Shi kuwa akawu ya ci gaba da ratsa 'yan hanyoyin ruwa tsakanin ciyayi, yana kawo banda. Ragowar kuɗinsa ita ta ciyar da iyalinsa a shekarun nan.