Na'urar da Ke Aron Ɗumin Gida Don Ta Kuɓuta Daga Ƙanƙara

A ƙasashen da hunturu ke daskarar da tafkuna, irin su Norwe da Suwidin da Finlan, ɗimbin gidaje sun dogara da famfon zafi wajen ɗumama ɗakuna. A Norwe ma fiye da rabin gidaje suna da shi. Na'urar 'yar'uwar firji ce da iyakwandishan, sai dai an juya akalar aikinta: tana zuƙo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje, ta tura shi cikin gida. Kafin hakan ya yiwu, dole bututun da ke akwatinta na waje su fi iskar da ke kewaye da su sanyi, domin zafi ba ya kwarara sai zuwa inda ya fi sanyi.

Daga nan matsala take ɓullowa. Laimar da ke cikin iska tana sauka a kan bututun kamar raɓa, ta daskare, sannu a hankali ta toshe hanyar iska. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a tsananin sanyi ƙanƙarar ta fi taruwa ba. Ta fi yawa idan ma'auni yana tsakanin sifiri da digiri 5 kuma akwai hazo, domin iskar da ta yi matuƙar sanyi ba ta riƙe laima sosai.

Maganin yana cikin na'urar kanta. Wani bawul ne ke juya hanyar gas ɗin, sai mai zafin ya nufi bututun waje maimakon na cikin ɗaki. Fankar waje kuma ta tsaya, don kada iska ta kwashe zafin. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya tsiyaye, tururi ya tashi. Galibi mintoci 5 zuwa 15 sun wadatar. Tsofaffin na'urori da agogo suke aiki, duk minti 30 ko 60 ko 90. Na zamani kuwa suna auna yanayin bututun, sai buƙata ta taso suke narkarwa.

A wannan ɗan lokaci, ɗumin gidan na'urar take ara. Shi ya sa ake tsayar da fankar ciki, ko a kunna hitar lantarki, don kada iska mai sanyi ta buso wa mutanen gida.

Wanda bai san wannan ba yakan firgita. Na taɓa ganin maƙwabcina ya kashe tasa a tsakiyar narkarwa, yana zaton tururin hayaƙin gobara ne. Ragowar ruwan ya sake daskarewa a kan bututun. Wani kuma wuƙa yake sa wa ƙanƙarar, ya huda bututu, gas ya tsiyaye, gida ya kwana cikin sanyi.

Abin da ke kan mai gida kaɗan ne: ya ɗaga akwatin daga ƙasa, ya share dusar ƙanƙara daga gefensa, ya bar wa ruwa hanyar fita. Amma idan ƙanƙara mai kauri ta lulluɓe akwatin har tsawon sa'o'i ba ta narke ba, lokacin kiran mai gyara ya yi.