Wayar da ke tsakanin jirage biyu

Lokacin da cunkoson manyan motoci ya toshe hanyar Apapa, masu kaya suka koma ɗora kwantena a kan baji, wato faffaɗan jirgin dakon nan marar inji. Da haka na samu aiki a jirgin turi, muna kai kaya Ikorodu. Mahaifiyata ruwa take ji mini tsoro. Ni kuwa ban daɗe ba na gane cewa igiya ce abar tsoro.

Idan za mu kama baji ta gefe, muna manna jirginmu a kwiɓinsa ta baya, gindinmu ya ɗan zarce nasa domin farfela ta samu ruwa. Igiya uku ake ɗaurawa: ta goshi, ta gindi, da ta tsakiya wadda take ɗaukar nauyin turin. Dole a ɗaure su tamau har jiragen biyu su zama kamar jiki ɗaya. Da an bar sako-sako, igiyar ruwa za ta raba su ta sake haɗa su, kuma wannan fizgar ce take tsinka waya, ba nauyin kaya ba.

Wani dattijo Banufe ne shugabanmu a saman jirgi. Kullum da asuba sai ya sa mu bi wayar ƙarfe taku-taku da safar hannu, muna neman tsatsa, lanƙwasa, da silin da ya karye ya miƙe kamar ƙaya. Na tsani wannan aiki, gaskiya, har gunaguni nake yi. Shi dai abin da yake cewa: "Ɗana, kada ka tsaya inda igiya za ta dawo."

Na ga dawowar tata. Igiyar roba ce, mai jirgin ya ƙi sauya ta duk da ta yi gashi. Ta yi ƙara sau biyu, ta tsinke, ta lanƙwasa dogarin ƙarfen da ke gefen jirgi. Wani yaro yana tsaye taku biyu daga wurin. Bai yi magana ba har muka isa.

Ban ce masu jirgi ba su san doka ba. Sun sani sarai. Amma sabuwar igiya kuɗi ce, mu kuwa 'yan ƙwadago ne, ana samun irinmu a bakin tasha kowace safiya. Washegarin tsinkewar dattijon ya ce ba zai kwance jirgi ba sai an kawo sabuwa. Sai da muka yi asarar kuɗin yini kafin aka kawo.