Apapa: Inda Kwana Ke Da Farashi

Yawancin kayan waje da ke jibge a Kantin Kwari da Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, in ka bi sawunsu baya, sai sun kai ka bakin teku, ko dai Legas, ko Kwatano, ko Lome. Amma a cikin 'yan kasuwarmu akwai wanda ya san lungunan Guangzhou kamar yadda ya san Fagge, alhali bai taɓa taka Apapa ba. Ya san farashin kaya a masana'anta, ya san kuɗin jirgi, ya san nawa zai sayar a Kano. Abin da ke tsakanin saukar kwantena daga jirgi da fitarta daga ƙofar tasha kuwa, ya bar wa waya da ejan. Ni a ganina a wannan ɗan tsakanin ne ribar mutane da yawa take zurarewa, shi ya sa da wata hidima ta kai ni Legas na ware kwana uku na zaga Apapa da ƙafata.

Daga gadar Ijora mutum yake fara gane inda ya dosa. Tankokin mai da tireloli sun jeru a gefen hanya, iska na ɗauke da warin gas da na ruwan gishiri, can gaba kuma ga ƙugiyoyin loda kaya sun miƙe sama kamar raƙuman dawa. Waɗanda suka san wurin a shekarun baya sun ce yanzu da sauƙi, domin kafin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta kawo tsarin Eto na kiran motoci ta intanet a watan Fabrairun 2021, direba kan yi makonni a kan layi. Da yawan direbobin da na tarar 'yan Arewa ne. A teburin wani mai shayi kusa da titin Creek, wani dattijo daga cikinsu ya ce da ni, "Malam, mu nan ba tafiya ce ke gajiyar da mu ba, jira ne." Ya ƙara da cewa duk kwanan da ya yi a tsaye, wani ne zai biya, kuma ba shi ba ne.

Jira tsohon ciwo ne a wannan gaɓar. A 1975 gwamnatin soja ta lokacin ta yi odar siminti kusan tan miliyan 20, abin da ya ninka ƙarfin tashar sau da yawa. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a kan teku, wasu na watanni, ƙasa tana biyan su tarar jinkiri kullum, simintin kuma yana daskarewa a cikinsu. Wannan cunkoso na cikin dalilan da suka sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977. Abin da ya sami gwamnati a wancan lokaci shi ne yake samun ɗan kasuwa mai kwantena ɗaya a yau, illa dai nasa ba ya shiga jarida.

Da na zauna da wani ejan mai fito da kaya a wani ɗan ofis da ke hawa na biyu, ya zaro takardu ya baje a kan tebur. Hannu uku ne manya ke jiran mai kaya. Na farko kamfanin jirgin, wanda zai karɓi kuɗin takardu da na sakin kaya, sannan ya riƙe kuɗin ajiya a matsayin jinginar kwantenarsa har sai an mayar masa da ita lafiya. Na biyu kamfanin da ke gudanar da filin tashar. Tun 2006 gwamnati ta ba kamfanoni masu zaman kansu hayar filayen, ita hukuma ta koma mai gida, saboda haka su ne ke cajin sauke kwantena daga jirgi, da ɗaga ta zuwa wurin bincike, da zamanta a fili. Na uku Kwastam. Bayan waɗannan sai ladan ejan da kuɗin mota.

A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Mai sayarwa a ƙasar Sin zai ce ya ba ka farashin CIF, wato kuɗin kaya da inshora da jirgi har Legas, sai mai saye ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kalmar "har Legas" iyakarta bakin tasha. Abin da ya biyo baya na mai kaya ne. In kuma farashin FOB ne, to nauyin mai sayarwa ya ƙare tun da aka ɗora kayan a jirgi a can ƙasarsu. Waɗannan haruffa uku-uku ƙa'idoji ne da Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Faris ta tsara, kuma bugun da ake aiki da shi yanzu na 2020 ne. Ya kamata duk mai oda ya san wanne aka rubuta a takardarsa kafin ya tura ko sisi.

Lissafin Kwastam shi ne mafi sauƙin hasashe, ko da yake shi aka fi tsoro. Harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS ya kasa kaya gida biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, gwargwadon lambar da aka ba nau'in kayan. Ana ɗora shi ne a kan darajar kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora. Sannan harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, ya hau kan jimlar duka, har da harajin da aka riga aka ɗora. A ƙaddara kayanka sun kai naira 100, kuma suna rukunin kashi 20. Kafin ka biya kamfanin jirgi ko na tasha ko kwabo, sun zama 129, ban da ƙananan kuɗaɗen da ake liƙawa. Abin da ke ruguza wannan lissafi shi ne canji. Da dala ake ƙiyasta kayan, da naira ake biya, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023 farashin da Kwastam ke amfani da shi ya riƙa motsi, har a farkon 2024 an sauya shi sau da dama cikin wata guda. Wanda ya yi kasafi ranar da ya yi oda, ya biya bayan wata biyu, ya san abin da nake nufi.

Sai dai kuɗin da ya fi cin mutane ba shi da adadi tsayayye, domin da kwana ake auna shi. Daga ranar da aka sauke kwantena agogo biyu ke fara bugawa lokaci guda. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, in sun ƙare sai dimorej ya fara, wato tarar riƙe masa kwantena. Kamfanin tasha shi ma yana da nasa kwanakin na kyauta, bayansu sai kuɗin zama, wanda ke hawa mataki-mataki, ta yadda mako na uku ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba. Babu ruwan ɗayansu da dalilin jinkirinka. Hutun Sallah ne, intanet ce ta ɗauke, ko mai sayarwa ne ya riƙe takardar lodi don bai ga cikon kuɗinsa ba, duk ɗaya ne. Idan zaman ya yi tsawo ƙwarai, doka ta ba Kwastam ikon yin gwanjon kayan.

Ejan ɗin ya ce mini yawancin jinkirin daga takarda yake farawa. Fom M, wanda ake buɗewa ta banki, kamata ya yi a same shi kafin a loda kaya. Takardar PAAR ta ƙiyasin Kwastam an yi ta ne don ta fito kafin jirgi ya iso. Kayan da ke buƙatar shaidar SONCAP ko izinin NAFDAC ba sa fita sai da su. "Alhaji zai kira ni jirgi na bakin tasha," in ji shi, "ya ce in yi sauri. Saurin da ya kamata a yi tun kaya na kan ruwa." Ban ɗauki maganarsa duka ba, domin a cikin ejan-ejan akwai masu rufe nasu sakacin da sunan tasha, akwai kuma masu ba da jimla ɗaya dunƙule ba tare da rasit ba. Mai kaya na da haƙƙin ganin takardar cajin kowane kamfani daban, kuma Majalisar Masu Safarar Kaya ta Nijeriya, wadda aka ba aikin sa ido kan cajin tashoshi a 2014, tana karɓar koke.

Masu ƙaramin jari da ke haɗa kaya a kwantena ɗaya su ma su lura. Akwai dillalan da ke karya kuɗin jirgi a can ya zama kamar kyauta, sannan su fanshe a nan da sunan kuɗin sauke kaya da na sito. Tambayar da ta dace tun farko ita ce nawa za a biya a wurin karɓa, a rubuce. Haka kuma yawan kwanakin kyauta abu ne da ake ciniki a kansa lokacin kama gurbi a jirgi, kuma ga mai kai kaya Arewa na fi ganin amfanin ƙarin mako guda a kan ragin 'yan daloli.

Dalili kuwa, fita daga ƙofar Apapa ba ta tsayar da agogon kamfanin jirgi. Tsakanin Legas da Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma kwantenar sai ta dawo fanko kafin a daina ƙirga kwana a saki kuɗin ajiya. Shi ya sa da yawa suke juye kayansu cikin wata motar tun a Legas. An buɗe tashar tudu ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, da nufin a riƙa kammala fito kusa da gida, amma amfaninsu ya rataya ne a kan jirgin ƙasa mai zuwa a kan kari. A hanyata ta fita ta Mile 2 na ƙirga tireloli masu ɗauke da kwantena fanko har na gaji, dukkansu suna jiran a kira lambarsu.