Burtun da ke Rataye a Zaure

A garin Ɗan Issa, bisa hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Jibiya, dab da iyakar Nijar da Nijeriya, akwai wani tsohon maharbi wanda ƙafa ta daina kai shi daji. A zauren gidansa akwai kan burtu rataye, fatar da aka naɗe shi da ita ta yi baƙi saboda shekaru, jajayen ƴaƴan idon zakara da aka manna masa sun zube saura kaɗan. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai idonsa ya kai can, shi kuwa tsohon ba ya cewa komai a kansa sai an tambaya.

Farautarsa ta zabin daji ce, lokacinta kuma bazara. Ƙasar Madarunfa ba ƙasar duwatsu ba ce, jigawa ce da fadama, sai Gulbin Maraɗi da ya ratsa ta, sai dajin Baban Rafi daga yamma. Idan watan Afrilu ya kama, ciyawa ta kwanta, tabkuna sun janye, zabi kan haɗu garke guda, su kwana bisa marke ko kanya, da hantsi su gangara inda ruwa ya rage. Tun kafin kiran assalatu yakan isa gindin itacen da ya ga kashinsu jiya. Ya ɗaura burtun a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai tsinto. Zabo tsuntsu ne mai tsananin tsoro, amma ya saba kiwo kusa da burtu, don haka ba ya tashi. Da wannan dabara maharbi kan matso har inda bindigar toka za ta kai, ita da harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗura ta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa. Mai cin zabo kuwa gwiwarsa ce ke biya.

Sai dai abin da ya fi riƙewa daga mahaifinsa ba harbin ba ne, sanin ranar da ake dainawa ne. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwan farko ya sauka, shinge ya fito, sai garken ya watse, zabi su rabu biyu-biyu. Kukan zabuwa mai gaɓa biyu yakan cika daji, zabo yana biye da ita, hankalinsa ya tafi. Ba lokacin da ya fi wannan sauƙin harbi, kuma a lokacin ne mahaifin kan karɓe bindiga ya jingine ta bayan rumbu, ya miƙa masa hauya. Wata shekara, yana saurayi, ya saci jiki ya harbe zabuwa a bakin wata gona. Da aka fede ta sai ga ƙwai jere a cikinta. Mahaifin bai doke shi ba. Ya sa shi ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, sa'annan ya ce masa zabuwa kwana 28 take kwanci, wanda ya kasa haƙurin wata guda ya cinye farautar baɗi tun bana. Naman nan bai iya kai shi baki ba.

Yau dajin da ya sani ya tsuke. Gonaki sun ci gefensa, gatarin masu kai itace Maraɗi ya ci cikinsa, giwayen da a da suke ƙetarowa daga Nijeriya sun zama labari. A shekarun baya-bayan nan kuma ƴan bindiga masu satar shanu da mutane sun mai da dazuzzukan iyaka maɓoya, har mutum ya ga ɗan'uwansa da bindiga a daji ba ya tunanin zabo. Gwamnati ta yi dokar farauta da kare namun daji ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta wajabta takardar izini ta kuma tanadi lokacin buɗewa da na rufewa. A 2019 aka sa tabkin Madarunfa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tsohon ba ya jayayya da ko ɗaya. Abin da ke damunsa shi ne, yaran da ke bin sheƙa da damina suna kwashe ƙwai ba su san dokar takarda ba, ba su kuma gaji ta bayan rumbu ba.

Wata rana jikansa, ɗan lakkol, ya zo masa da waya a hannu.

"Kaka, dubi maharban Amurka. Su da baki suke kiran tsuntsu ya zo."

Tsohon ya matso da fuska. Wani mutum ne zaune a gindin itace cikin tsaunukan Afalaciya, yana kwaikwayon kukan macen talo-talon daji, namijin kuwa ya taho yana baza wutsiya. Yaron ya faɗa masa abin da malaminsu ya bayyana: a farkon ƙarni na 20 tsuntsun ya kusa ƙarewa a can saboda sare daji da harbi ba ƙa'ida. A 1937 aka yi dokar da ta mai da harajin bindigogi da harsasai kuɗin kula da namun daji, aka riƙa kamo tsuntsayen ana sakinsu inda suka ɓace, har yawansu ya koma miliyoyi. Farautar da ake yi bayan sanyi ya wuce kuwa, namiji mai gemu ake harbi, a bar mace ta yi kwanci.

Tsohon ya yi shiru jim kaɗan, sa'annan ya yi murmushi.

"Ashe su ma an taɓa sa su ƙidayar ƙwai. To, aboki, mu zabonmu da zabuwarmu kamarsu ɗaya daga nesa, sai a kuka ake rabewa. Shi ya sa muke barinsu duka."

Bayan mako guda malamin ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi aron burtun domin wasan al'adun gargajiya na ƙarshen shekara. Tsohon ya daɗe bai amsa ba. Ya sha ganin yara sun ɗaura irinsa a filin wasa, ana kiɗa, suna tsalle, jama'a na dariya, a tashi ba wanda ya ƙaru da komai.

"Malam, zan ba ka. Amma in yaron ya matso, ya ɗaga bindiga, a sa wani ya yi kukan zabuwa. Shi kuma ya sauke, ya juya ya tafi."

"Baba, ai masu kallo za su ce wasan bai ƙare ba."

"Sai ka gaya musu nan ne ƙarshensa."

Akwai abin da ke sa tsohon bai fid da rai ba. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Gonakin da a da suke fili fetal yanzu akwai gawo da kalgo da sabara a cikinsu, inda tsuntsu zai samu inuwa da maɓoya. A daminar da ta wuce, ɗansa ya dawo daga noma ya ce ya tarar da sheƙa a ƙarƙashin wata sabara, can kusurwar gonarsu, da ƙwai a ciki. Ya ce na zabin gida ne da suka yi nisan kiwo ko na daji ne, bai tantance ba. Tsohon bai tambayi yawansu ba. Ya ce a bar wannan kusurwa ba noma sai bayan wata guda, ya kuma kira jikan ya ɗora masa tsaronta.